Wankin kafet: omo da burushi ko masu inji? Kuma yana rage wa yaro asma?

Maman Ihsan:
Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka sani. Yarona ɗan shekara biyar yana da asma, likitansa ya ce mu duba abubuwan da ke tara ƙura a gida, har ya ambaci kafet. Muna da babba a falo, malale daga bango zuwa bango, sai wata darduma mai kauri a ɗakin yara. Kullum ana sharewa, a ido ba ka ganin datti ko kaɗan. Maigida ya ce a kira masu wankewa da inji, ni kuma ina ganin asarar kuɗi ce tunda omo da burushi ma za su fitar da shi. Wankinsu ya fi namu da gaske? Kuma in an wanke, ciwon yaron zai ragu?

Hajiya Babba:
Wa alaikumus salam. Allah ya ba yaro lafiya. 'Yata, ni dai abin da na sani shi ne a fitar da darduma waje, a rataye ta, a kakkaɓe da sanda har ƙura ta daina tashi, a bar ta ta sha rana. In ta yi datti a wanke da ruwa da sabulu a shanya. Ban ga abin da inji zai yi da ya wuce haka ba.

Abban Sadiq:
Hajiya, wannan ai ga wadda ake iya naɗewa ne. Na falon da ta faɗa a manne yake da ƙasa, kujeru da tebur duk a kansa. Ta yaya za a fitar da shi rana?

Sista Jummai:
Maman Ihsan, wannan "a ido ba datti" shi ke ruɗin yawancinmu. Abin da ke tayar wa yara ciwo ido ba ya ganinsa. Akwai wasu ƙananan ƙwari da ke rayuwa cikin ƙurar gida, tsawon guda bai wuce kashi ɗaya cikin uku na milimita ba, sai da madubin likita ake ganinsu sosai. Dangin gizo-gizo ne da kaska, ƙafafunsu takwas. Ba sa cizo, ba sa shan jini, kada wani ya haɗa su da kuɗin cizo. Ɓurɓushin fatar da ke zuba daga jikinmu dare da rana suke ci, shi ya sa suka fi yawa a inda aka fi kwanciya da zama, katifa da filo da kujerun kushin da kafet. Ba sa shan ruwa da baki, laimar da ke cikin iska jikinsu ke zuƙa. In ɗaki yana da danshi da ɗumi sai su yi ta hayayyafa, in laimar iska ta sauka ƙasa da kashi 50 cikin 100 ta daɗe a haka sai su fara bushewa suna mutuwa.

Kashinsu ne matsalar. Kowane ɗaya yana yin ƙwaya kusan 20 a rana, kuma a cikinta akwai sinadarin da suke narkar da abinci da shi, wanda masana ke kira Der p 1. In mai alaji, wato wanda jikinsa ba ya jituwa da shi, ya shaƙe shi sai atishawa, majina, ƙaiƙayin ido, toshewar hanci, ga mai asma kuma tari da kukan ƙirji, musamman da dare da asuba. Ƙwayoyin nan suna da ɗan nauyi, in an tayar da ƙura sukan koma ƙasa cikin kimanin rabin sa'a. Ke da kike tsaye ba lallai ki shaƙi da yawa ba. Yaron da ke kwance rub da ciki a kan darduma yana tura mota, hancinsa a cikin gashin yake.

Tsintsiya kuwa saman take sharewa, ta tayar da mai laushin sama, ya sauko ya koma inda ya fito.

Maman Ihsan:
Subhanallah. Sista, wato duk sharar da muke yi a banza?

Sista Jummai:
Ba a banza ba, tana kwashe yashi da gashi da ɓurɓushin abin da yara suka zubar, wannan ma rage wa kyankyaso abinci ne. Sai dai ba ta kai ga abin da likita yake nufi. Kuma don Allah kada a yi sharar yaron yana cikin ɗakin.

Malam Idi mai wankin kafet:
Salamu alaikum. Ni wannan ce sana'ata, gara in faɗa tun farko don kowa ya auna maganata a kan haka.

Maganar Hajiya gaskiya ce ga ƙaramar darduma ta zaren roba. A fitar da ita, a kakkaɓe, a wanke, a ɗauraye har ruwa ya fito garau, a shanya ta bushe ƙarau. Wannan ba ta buƙatata, kuma ba na karɓar aikinta sai in mai ita ya nace.

Kafet malale shi ne inda omo da burushi ke ɓarna. Zuba ruwa abu ne mai sauƙi, fitar da shi ne aiki. Ana zuba ruwan kumfa, a goge da burushi, sama ya yi fes, amma dattin bai bar ɗakin ba, ruwan ya tura shi ƙasa ne ya kwanta a gindin zare da soson da ke ƙarƙashi. Tsumma da matsewa da hannu ba sa fitar da ko rabinsa. Gidan da aka saba yin haka ina gane shi tun daga layin farko: ruwa zalla nake fesawa, ban sa komai ba, amma tankin injina sai ya cika da kumfa mai toka-toka. Omon da aka bari ne tun wankin baya. In kika shafa hannu a kan irin wannan kafet za ki ji gashin ya yi tauri yana ɗan danƙo. Wannan danƙon ke kama ƙura, shi ya sa mata ke cewa tun da suka wanke kafet ɗin ya fi saurin datti.

Na biyu kuma, wanda ya fi muni, jiƙa. Sama yana bushewa a wuni guda, ƙasa ya yi kwanaki a jiƙe. Sai wari ya fara, a ɗauka turare zai kore shi, alhali funfuna ce ke tsirowa a ƙarƙashi. Garin neman gira an rasa ido, don ga mai asma funfuna da danshi sun fi ƙurar da aka so cirewa illa.

Ummi A.:
Malam Idi, to ku mene ne kuke yi dabam? Ai ku ma ruwa kuke zubawa.

Malam Idi mai wankin kafet:
Muna zubawa, amma muna ɗaukewa a take. Mai aikin da ya san abin da yake yi ba ya taɓa ruwa sai ya fara bin kafet ɗin da injin zuƙar ƙura a bushe, a hankali, ta tsaye da ta kwance, domin yawancin dattin kafet busasshe ne, yashi da ƙura. In ka jiƙa shi kafin ka zuƙe ka mayar da shi taɓo. Bayan nan a fesa sabulun da ya dace da irin zaren, a bar shi 'yan mintoci ya jiƙa dattin, a motsa shi da burushi mai laushi. Sannan inji ya fesa ruwan zafi ya zuƙe shi nan take tare da dattin, a sake bi da ruwa zalla don ɗauraya, a sake bi ba ruwa don tsotse sauran. A ƙarshe a buɗe tagogi a kunna fankoki. In an yi daidai, cikin sa'a 6 zuwa 12 ya bushe. In ya wuce sa'a 24 yana da danshi, an yi kuskure a wani wuri. Hukumar kare muhalli ta Amurka ma abin da take faɗa kenan, duk abin da ya jiƙe a cikin gida a busar da shi cikin sa'a 24 zuwa 48, in ba haka ba funfuna na iya kamawa.

Malam Nura:
Ku yi haƙuri, ni ina da ja. Bayanin Malam Idi ya amsa tambayar farko, wankin inji ya fi fitar da datti, ban musa ba. Amma tambaya ta biyu ita ce ta fi damun uwar yaron, kuma a nan ne nake ganin ana sayar wa mutane fata. A 2008 ƙungiyar Cochrane, wadda aikinta tattara gwaje-gwajen likitanci tana auna su, ta haɗa gwaji 54 da aka yi kan mutane kusan 3,000 masu asma da alajin ƙwarin ƙura. An gwada magungunan feshi, an gwada rigunan katifa, an gwada zuƙe ƙura da sauransu. Sakamakon da suka fitar shi ne ba su ga bambanci ba, ko a ƙarfin numfashi, ko a yawan tashin ciwo, ko a yawan shan magani. To in haka ne, a kan me za a ce wa mace ta fitar da kuɗi da sunan lafiyar ɗanta?

Abban Sadiq:
To fa. Malam Nura, wato a bar kafet ɗin da ƙurarsa kenan?

Malam Nura:
Ban ce haka ba. Tsafta tana da dalilinta ko ba ciwo. Cewa na yi kada a haɗa biyun. Wanda yake son kafet ɗinsa ya yi kyau ya daɗe, ya kira su. Amma kada mai inji ya ce maka zai warkar da asma.

Malam Idi mai wankin kafet:
Duk wanda ya faɗi haka cikinmu ya yi ƙarya, kuma akwai masu faɗa. Ina ƙara maka ma da wani abu. Ƙwarin nan suna da abin maƙalewa a ƙafafunsu, suna riƙe zare gam, injin zuƙa yana ɗauke kashinsu da matattu amma masu rai da yawa suna nan. Ruwan zafinmu kuma kafin ya kai gindin zare ya huce. Muna rage su sosai, ba ma ƙarar da su, bayan wani lokaci su sake taruwa.

Dakta Aminu:
Assalamu alaikum. Na karanta duka, kuma Malam Nura ya kawo binciken yadda yake. Amma akwai abin da ya kamata a ɗora a kai, kada Maman Ihsan ta tashi da tunanin cewa gyaran gida ba ya da amfani.

Yawancin gwaje-gwajen da aka haɗa a wancan bitar abu ɗaya ko biyu suka gwada. A sa wa katifa riga a bar kafet, ko a fesa wa kafet magani a bar filo da labule. A wasu ma da aka auna ƙurar bayan an gama, sinadarin bai ragu ba. In yaro yana shaƙar abu daga wuri biyar ka toshe ɗaya, ba mamaki in ba ka ga canji ba. A 2004 an buga wani babban bincike da aka yi a birane bakwai na Amurka kan yara 937 masu asma, 'yan shekara 5 zuwa 11. Su sai suka fara gwada kowane yaro don sanin abin da jikinsa ba ya so, sannan aka gyara gidansa bisa haka: rigar katifa da filo, injin zuƙar ƙura mai filta mai kyau, na'urar tace iska inda ake buƙata, kashe kyankyaso, da koya wa iyaye yadda za su ci gaba. Yaran da aka yi wa haka sun sami raguwar kwanakin ciwo a shekarar, kuma raguwar ta ci gaba har shekarar da ta biyo baya. Don haka wankin kafet shi kaɗai kada ki sa masa rai da yawa. A cikin sauran gyare-gyare yana da gurbinsa.

Abu na farko da zan so ki yi, ki tambayi likitansa ko za a yi wa yaron gwajin alaji. Akwai na fata, ana ɗiga ruwan abubuwan a hannu a ɗan tsira fatar, cikin minti 15 zuwa 20 a ga wanda ya tasa. Akwai kuma na jini. Ba kowace asma ce ta ƙwarin ƙura ba. Wani yaron mura ce ke tayar masa, wani hayaƙi, wani kyanwa, wani kyankyaso. Tun 1964 da wasu masu bincike a Holand, Voorhorst da Spieksma, suka gano cewa ƙwarin nan ne tushen alajin ƙurar gida, aka san su ne kan gaba a wurare masu laima, amma ba su kaɗai ba ne.

Na biyu, kuma wannan shi ya fi min muhimmanci: kada a rage masa magani ko a ajiye inhela don an wanke kafet. Ina ganin iyayen da ke yin haka, gida ya yi fes, sai su ce an kawar da dalili, a daina na kullum ɗin. Bayan makonni sai ga su cikin dare. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 mutane miliyan 262 ke da asma kuma ta kashe 455,000. Ciwo ne da ake zama lafiya da shi in an riƙe magani, amma ba a wasa da shi.

Maman Ihsan:
Na gode Likita, Allah ya saka da alheri. Maganin kam ba ma wasa da shi. Amma ka ambaci kyankyaso, ya aka yi ya shigo maganar kafet?

Dakta Aminu:
Kashinsa da miyansa da ɓurɓushin jikinsa in ya mutu duk suna komawa ƙura, ƙurar kuma kafet ke riƙe ta. A wani binciken da aka buga a 1997, shi ma kan yaran biranen Amurka, yaran da ke da alajin kyankyaso kuma akwai shi da yawa a ƙurar ɗakin kwanansu an fi kwantar da su asibiti fiye da ninki uku a kan sauran. Gidan da ake cin abinci a kan kafet, ɓurɓushi na shiga cikin gashinsa, an haɗa abincin da wurin ɓuya. In akwai su, a fi amfani da maganin da ake ajiyewa su ci, a toshe ramuka, a rage feshi, domin feshin ma yana tayar da asma.

Ummi A.:
Mu kyanwa muke da ita. Ƙanwata ce ke atishawa, mun bayar da kyanwar amma har yanzu ba ta daina ba. Mama ta ce ashe ba kyanwar ba ce, a dawo da ita.

Sista Jummai:
Ummi, kada ku yi saurin yanke hukunci. Abin da ke kawo alajin kyanwa yana fitowa ne daga miyanta da fatarta, tana lasar jiki ya bushe a gashi ya watsu. Ya fi na ƙwarin ƙura rashin nauyi, yana daɗewa a iska, yana manne wa bango da labule da tufafi. Ko an fitar da kyanwa yana iya kai wata biyar zuwa shida a kafet da kujeru kafin ya sauka. Irin wannan ne wurin da wankin inji yake da amfani ƙwarai, domin tushen ya tafi, abin da aka cire ba zai dawo ba. Ba kamar ƙwarin ƙura ba da suke sake haihuwa.

Hajiya Babba:
To ni dai har yanzu ban ji wanda ya ce rana ba ta aiki ba.

Dakta Aminu:
Ranki ya daɗe, tana aiki. An gwada ma a Ostareliya, aka buga a 1994, an shanya dardumomi a rana mai zafi na 'yan sa'o'i ƙwarin suka mutu, zafi da bushewa suka kashe su. Abin da rana ba ta yi shi ne cire kashin da suka riga suka tara, shi kuma mataccen ƙwaro da kashinsa suna tayar da ciwo kamar mai rai. Saboda haka kakkaɓewar da kika faɗa da wankin ba a raba su da shanyar. Sai dai mai kakkaɓewar ya zama ba mai alaji ba ne, ya rufe hanci, yaron kuma ya yi nisa.

Hajiya Babba:
Yauwa. Allah ya yi maka albarka.

Abban Sadiq:
Ni tambayata kan injin zuƙar ƙura na gida ne. Ina da shi, amma duk sanda aka kunna sai ɗakin ya ɗauki wani warin ƙura, har gara tsintsiya.

Malam Idi mai wankin kafet:
Abban Sadiq, injinka yana zuƙa ta gaba yana fesowa ta baya. Ko filtarsa ta cika, ko ba ta da kyau tun asali, ko murfin ba ya rufuwa daidai. Ka nemi wanda ke da filtar HEPA, ita tana kama kashi 99.97 cikin 100 na ƙwayoyin da girmansu ya kai maikuron 0.3 (maikuron ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita), kashin ƙwarin nan kuwa ya ninka haka sau da yawa, yana tsakanin maikuron 10 zuwa 40. Amma filtar ba ta da amfani in iska na ɓullowa ta gefen murfi, jikin injin ma sai ya zama a rufe. Kada ka jira jakar ta cika taf, kuma ka zubar da ita a waje. Sau ɗaya ko biyu a mako ya isa, a ja shi a hankali. Yawancin mutane gudu suke yi da shi, bai samu lokacin ɗaga komai ba.

Malam Nura:
Malam Idi, na ga ana ta yaɗa cewa dole a kira ku duk wata 12 zuwa 18. Wannan adadin daga ƙungiyar masu masana'antar kafet ta Amurka ya fito, wato masu sayar da kayan. Ba likitoci suka yanke shi ba.

Malam Idi mai wankin kafet:
Haka ne, kuma don kafet ya daɗe suka faɗa, domin yashin da ke gindi yana da kaifi, duk takun da aka yi yana yanke zaren a hankali har wurin wucewa ya sanƙame. Ni ba na bin adadin ido rufe. Gidan mutum biyu da ba sa shiga da takalmi, suna zuƙe ƙura a kai a kai, zai wuce haka lafiya. Gidan da ke da mai rarrafe da dabba da yawan baƙi ba zai kai ba. Maman Ihsan, ki ɗaga kusurwar darduma, ki buga bayanta a kan farar takarda ko tayil mai tsafta. Abin da ya zubo shi zai gaya miki.

Maganar takalmi kuma kada a raina ta. Mafi yawan ƙasar da ke cikin kafet ƙafa ce ta shigo da ita. Abin goge ƙafa a ƙofa da cire takalmi sun fi kowane inji rage min aiki.

Sista Jummai:
Kuma ba ƙasa kaɗai takalmi ke kwasowa ba. Ƙurar titi da ta tsohon fenti na iya ɗauke da dalma, mai rarrafe kuma komai ya taɓa sai baki.

Bari in ƙara gargaɗi ɗaya ga masu wanki da kansu, don na ga abin da yake haifarwa. Kada a haɗa bilic da khal, kada a haɗa shi da duk wani abin wanki mai ammoniya, kuma kada a zuba shi a inda yaro ko dabba ta yi fitsari. Haɗin yana fitar da iska mai guba da ke ƙona ido da huhu, ko mai lafiya sai ya ji a ƙirjinsa balle mai asma. Hodar ƙamshi da ake barbaɗawa a kafet ita ma ku bar ta, ƙura ce kuke ƙarawa, ƙamshin ma kansa yana tayar wa wasu.

Maman Ihsan:
To in mun yanke shawarar kiran su, ya zan gane na ƙwarai? Kowa cewa yake ya iya.

Malam Idi mai wankin kafet:
Hajiya, ki tambaye shi tun kafin ya sauke kaya. Zai fara zuƙe ƙura a bushe? Zai ɗauraye da ruwa zalla? Sa'a nawa zai ɗauka ya bushe, kuma ya zo da fanka? In ya ce kwana biyu ko uku, ki sallame shi. Ki ce ya nuna miki robar sabulun da zai sa, ki gaya masa akwai mai asma, ba kya son turare ko feshin ƙamshi a ƙarshe. Da yawa suna rufe rashin aiki da ƙamshi. Ki lura ko zai duba irin zaren, ya gwada sabulun a wata kusurwa da farin ƙyalle ya ga ko launi zai zuba. Wanda ya shigo kawai ya fara kwarara ruwa bai san aikin ba, ko da injinsa sabo ne. Araha ba ta ado, amma tsada ma ba shaida ba ce.

Ranar aikin ki fitar da yaron daga gidan, kada ya dawo ɗakin sai kin danna tafin hannunki da ƙarfi a kan kafet ɗin kin ji ba sanyi. Ki zaɓi ranar da ake rana, ba ranar ruwa ba. Kada a mayar da kujeru a kan jiƙaƙƙen wuri, ƙafar katako tana zubar da launi, ta ƙarfe tana barin tsatsa.

Dardumar ulu ko ta siliki kuwa, musamman saƙar hannu, kada a wanke ta a ɗaki da wannan injin. Bilic yana cinye ulu, omo mai ƙarfi yana busar da shi ya sa launi ya zuba. Akwai kuma mai sheƙi da ake sayarwa kamar siliki alhali zaren biskos ce, ruwa kaɗan ke sa ta yi rawaya ta yi tauri.

Abban Sadiq:
Likita, a gaskiya in ɗanka ne, wankewa za ka yi ko cirewa?

Dakta Aminu:
In gwaji ya nuna ƙwarin ƙura ne, dardumar ɗakin kwanansa zan cire, in bar ƙasan da ake gogewa da jiƙaƙƙen tsumma. A nan yake yin kusan rabin sa'a 24 na kowace rana. Amma katifa da filo sun fi dardumar kusa da hancinsa, don haka zan sa musu riga mai zif wadda ƙura ba ta ratsawa, a riƙa wanke zanin gado duk mako da ruwan zafi, digiri 60 yana kashe ƙwarin. Ko da ruwan sanyi aka samu a wanke, yana tafiya da yawancin kashin. 'Yan tsanan kushin da yake kwana da su a rage. Na falo kuma zan bar shi in yana da lafiya ba danshi, a yi masa wankin ƙwarai, a ci gaba da zuƙewa.

Malam Nura:
A kan wannan ba ni da ja, sai dai ina so a ce "mai yiwuwa zai taimaka", kada a ce "zai taimaka".

Dakta Aminu:
Na amince. Shi ya sa nake so Maman Ihsan ta riƙa rubuta daren da ya tashi da tari da ranakun da ya buƙaci inhelar gaggawa, kafin gyaran da bayansa, ta kai wa likitansa. Da haka za a san abin da ya yi wa wannan yaron aiki.

Baban Amira:
Ku gafarce ni na shigo a makare. Mun koma wani gidan haya, mun tarar da tsohon kafet a manne a ɗaki ɗaya, yana wani wari kamar na rigar da aka naɗe a jiƙe. An ce ruwa ya taɓa shiga ɗakin. Malam Idi, wanki zai gyara shi?

Malam Idi mai wankin kafet:
Alhaji, ka ɗaga shi ta kusurwar da ta fi kusa da bangon waje ko banɗaki, ka duba bayansa da soson ƙasa. In ka ga ɗige-ɗige baƙi ko kore, ko soson yana marmashewa a hannu, ko bayan ya rabu da gashin, kada ka ba kowa kuɗin wanki, ni ma ba zan karɓa ba. Funfunar ta shiga soso, inji ba ya kai mata, ruwan da za mu ƙara ma ciyar da ita zai yi. In kuma ruwan da ya shiga na kwata ne ko na masai, ba a ma tsaya dubawa. Ka yi magana da mai gidan a cire shi. Mai cirewa ya sa takunkumi da safar hannu, a rufe ƙofar da ke shiga sauran gidan a buɗe taga, a yanka shi gunduwa-gunduwa a naɗe kowanne a leda kafin a fita da shi, kada a ja shi ta cikin falo. A wanke ƙasan a bar shi ya bushe sosai, sannan a nemo ta inda ruwan ya shigo a toshe kafin a shimfiɗa wani abu.